Corolla T-Sport mai injin VVTL-i a zafin Garwa, bayan shekara 2 a hannuna

Tun ranar da na fara ajiye motar nan a ƙofar shagona a unguwar Yelwa nan Garwa ta Kamaru ban huta da tambaya ba, wannan ya leƙo yace ai Corolla ce irin ta kowa to me yasa kukanta ya bambanta, wancan yace ko na huda salansa ne. Ban huda komai ba wallahi, yadda ta taso daga Duwala haka take har yau. Yanzu shekara 2 kenan da 'yan watanni tana hannuna, ta sha zafin Maris da Afrilu sau biyu, ta sha ƙurar hunturu, na je Ngaundere da ita na je Marwa ban san adadi ba, to ina ganin na isa in faɗi abin da na gani a jikinta mai daɗin da mara daɗin, don samari da yawa sun fara nemanta kuma akasarinsu basu san me zasu ɗauko wa kansu ba.

Motar dai Corolla T-Sport ce ta Turai ƙirar 2003, giya 6 na hannu, in ka ganta daga nesa ba zaka bata wata daraja ta musamman ba. Sirrin yana ƙarƙashin bonet. Injin sunansa 2ZZ-GE, lita 1.8, Toyota da Yamaha ne suka haɗa hannu suka ƙera shi, eh Yamaha ɗin nan dai masu babur, kuma yana bada ƙarfin doki 192 a juyi 7800 a minti ba tare da turbo ba. Corolla mai irin jikinta sak amma mai injin 1.6 doki 110 gareta, kaga tazarar ba kaɗan bace. Wannan injin ne a cikin Celica mai ƙarfin, kuma shi kamfanin Lotus na Ingila ya ɗauka ya saka a motarsa Elise. A kan murfin injin an rubuta VVTL-i, da harafin L a tsakiya, kuma wannan L ɗin shine duk abin da na biya kuɗi a kansa.

Bari in yi bayani yadda na fahimta, nima sai da na tsaya a kan inji a buɗe na gani da idona kafin abin ya zauna min. Inji numfashi yake kamar mutum, ya shaƙi iska da fetur ta bawul ɗin shiga, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi ta bawul ɗin fita. Mu nan supap muka fi cewa, 'yan uwanmu na Najeriya suce bawul, abu ɗaya ne. Abin da ke buɗe su wani dogon ƙarfe ne mai ƙullutu-ƙullutu kamar ƙwai a jikinsa, shine kamshaf, duk sanda ƙullutun ya juyo sai ya danne bawul ya buɗe. A tsofaffin injuna irin na Fijo 504 da muka tashi muka gani, yadda aka sassaƙa ƙullutun nan tun daga masana'anta haka zai tsufa, lokacin buɗewa ɗaya ne ko kana rarrafe cikin cunkoson babbar kasuwa ko kana kan titin Ngong ba kowa a gabanka. To numfashin mai takawa a hankali daban ne da na mai gudu. In aka sassaƙa shi don gudu, a tsaye injin zai ta kakkarwa yana shan mai a banza, in kuma aka sassaƙa don cikin gari, da ka taka totur sosai sai numfashi ya ƙare masa.

VVT-i ɗin da kuke gani a bayan Yaris da Corolla da Avensis maganin rabin matsalar ne. Akwai wani faifai a kan kamshaf ɗin shiga, daidai inda sarƙa ke jansa, kwamfutar motar ta buɗe wani ɗan bawul na lantarki wanda makanikai ke kira elektiroban, baƙin mai ya shiga faifan da ƙarfi ya ɗan murɗa kamshaf gaba ko baya, sai bawul ya buɗe da wuri ko ya ɗan jinkirta gwargwadon abin da ƙafarka ke nema. Lokaci kawai yake canzawa, faɗin buɗewar yana nan yadda yake. Shi yasa nake gaya wa yara, dan Allah ku daina ganin rubutun VVT-i ku ɗauka motar tsere ce, Yaris ɗin da ake tasi da ita a Yawunde ma tana dashi, amfaninsa ya rage shan mai ya sa mota ta ja lafiya tun daga ƙasa.

L ɗin kuma, wato lift, zurfin buɗewar bawul, wani labari ne. A kamshaf ɗin 2ZZ kowace silinda ƙullutu biyu gareta a ɓangaren shiga, biyu a ɓangaren fita, ƙarami da babba. Duk yawon da kake cikin gari ƙaramin ne ke aiki, babban yana juyawa ne kawai yana danna wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ke nutsewa ba tare da ya taɓa komai ba. Da allurar juyin inji ta wuce 6000 kaɗan, kuma injin ya riga ya yi zafi, sai kwamfuta ta buɗe elektiroban na biyu, baƙin mai ya tura wata 'yar sakata ta shige ƙarƙashin ɗan ƙarfen nan ta tokare shi, nan take babban ƙullutu ya karɓi aiki, bawul ya buɗe da zurfi ya kuma daɗe a buɗe. Dabarar Honda ce ta fara shahara da ita, VTEC, tun 1989 a motar Integra mai injin B16A, lita 1.6 doki 160, wato doki 100 a kowace lita, abin da ya girgiza masu ƙera motoci a lokacin. BMW nasu VANOS ne, Mitsubishi MIVEC, duka biyun a 1992 suka fito, kowa da hanyarsa amma kusan dukkansu baƙin mai ne ɗan aiken. Ku riƙe wannan maganar ta baƙin mai don zan dawo kanta.

Ranar da na fara jin abin da kunnena ba zan manta ba. Bayan sallar asuba ne, na tsallaka gadar Binuwai na miƙa kudu, hanya fayau ba tirela ba shanu, na bari allurar zafi ta kai tsakiya sannan na dawo giya 2 na take. Daga 3000 zuwa 5000 mota ce kawai mai ɗan kuzari, har na fara tunanin ko wanda ya sayar min ya zuzuta ne. Tana wuce 6000 sai kukan ya canza gaba ɗaya, daga gurnani ya koma wata tsawa mai kaifi kamar ta babban babur, kujera ta tokare min baya, allura ta tafi 8000 kafin in ƙifta ido. Irin dokin da ke takawa a hankali a hawan sallar Lamido kana ganinsa kamar ba zai iya komai ba, sai mahayi ya sakar masa linzami. Na sauka gefen titi na kashe rediyo na zauna shiru hannuna yana rawa a kan sitiyari, kuma gaskiya daga ranar na ƙaunaci motar nan.

Inda ta fi min amfani na gaske ba wasa bane, wurin wuce manyan motoci ne. Duk wanda ke bin hanyar Ngaundere ya san yadda tirelolin da ke jigilar kayan Chadi suke jeruwa, balle a hawan dutsen nan da ake kira falez inda suke tafiya kamar hawainiya suna tuttula hayaƙi. Da ƙaramar mota sai ka daɗe a hannun da ba naka ba kana salati, da wannan kuwa in ka ga gabanka sarari, ka sauko giya 3, cikin 'yan daƙiƙu ka wuce ka koma hannunka. Wannan kaɗai ni a wurina ya biya.

To yanzu mara daɗin. Wata 7 da sayenta, tsakiyar zafi, na fara jin wata 'yar ƙara kar-kar-kar da safe in na tada ta, ta daƙiƙa biyu ko uku sai ta ɗauke. Na share. Bayan sati biyu sai ta fara kakkarwa a tsaye, in na tsaya a mahaɗa sai allura ta faɗi kamar zata mutu, wata rana ma ta mutu min a tsakiyar 'yan moto wajen Rumde Ajiya, ga wutar inji mai ruwan lemo ta kama a tablo, wato allon gaban direba, ga shan mai ya ƙaru, tsawar nan ta 6000 kuma ta ɓace ɗungurungum, ka taka har ƙasa sai ihu ba ja.

Na kai ta wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyara wa mahaifina mota, mutum ne mai gaskiya kuma a kan Fijo da Carina da Hilux mai gazuwal, wato dizal, ban san wanda ya fishi kunne ba. Ya saurara ya saurara, ya canza buji, wato filogi, ya wanke inda iska ke shiga, ba abin da ya sauya. Sai ya nuna min wayar elektiroban yace ɗana wannan tarkacen na Turawa ne don sanyinsu, mu cire wayar mu zuba mata mai mai kauri 20W-50 ka ci gaba da tafiyarka, wutar tablo kuma a cire ƙwan. Nace Baba ku yi haƙuri, in aka cire wannan ai an cire motar ne gaba ɗaya, ku bani kwana biyu in yi shawara. Bai ji haushi ba, yace to Allah ya sa a dace. Ban ga laifinsa ba, zamaninsa bai zo da wannan ba, amma na sha ganin motoci masu VVT-i a garin nan an zare musu waya an naɗe da salatif, masu su suna ta kukan shan mai basu san dalili ba, abin yana min ciwo sosai.

Wani abokina mai Civic ne ya kai ni wani ɗan gareji a lungu, wurin wani matashi da bai fi shekara talatin ba, rumfar kwano ce kawai da benci da akwatin sifana amma yana da na'urar nan da ake jona wa mota ta karanta ciwonta, wadda suke kira baliz. Ya jona, lamba ta fito P1349, yace maigida wannan maganar VVT ce, amma kafin mu sayi komai bari mu duba rariya. Ban ma san akwai wata rariya ba. Ya kwance wani ƙusa a gefen kan injin ya zaro wani ɗan abu da bai kai tsawon gaɓar ɗan yatsa ba, raga ce siririya kamar ta matacin shayi, an sa ta ne ta tace mai kafin ya isa elektiroban. Wallahi da ya ɗora min a tafin hannu ban ga raga ba sam, baƙin abu ne ya toshe ta kamar an dama kwalta da daddawa, ya sa farce ya kankaro ya murza a yatsunsa yace ji, har da tsakuwa-tsakuwa a ciki. Ya buɗe murfin zuba mai ya haska min da fitilar waya, cikin ma duk ya yi baƙin danƙo. Sai ya dube ni yace maigida a ina kuke bidans, wato juyen mai, kuma wane mai ake zuba muku?

Nan jikina ya yi sanyi, don na san amsar. Ina ba wani yaro ne a bakin titi yana min juyen mai saboda sauƙi da sauri, galan ɗin da yake ɗaukowa da tambari mai kyau a jiki amma ban taɓa tsayawa na ga an fasa hatiminsa a gabana ba, kuma sau biyu na wuce lokacin juye da nisa saboda hidimar kasuwa. Rabin laifin nawa ne, rabi na wanda ya sayar min da abin da ba shi ne a rubuce ba. Matashin nan ya wanke rariyoyin biyu da fetur da buroshin haƙori, ta VVT da ta L ɗin, ya ciro elektiroban ya jona masa batir muna ji yana ƙwas ƙwas amma da nauyi, ya wanke shi har ya saki, ya zuba mai mara kauri 5W-30 da na sayo da kaina a rufe da sabuwar filta, yace in yi tafiya kaɗan in dawo a sake zubarwa don dattin da zai biyo baya. Haka aka yi har sau biyu. Bai sayar min da ko ƙusa ɗaya da bana buƙata ba, kuma da na tambayi kuɗin aiki abin da ya faɗa sai da na ƙara masa don kunya. Ranar da muka fita gwaji tare ta hanyar Pitowa tsawar ta dawo, ya daki tablo da murna yace kun ji ta ko maigida, kun ji ta!

Daga nan na canza hali. Mai a rufe nake saya a gidan mai, lita 4 da ɗan ƙari take sha, ina tsaye ake fasawa ake zubawa, kuma ban wuce kilomita 5000, lokacin hunturu ma ban kaiwa. Duk Juma'a kafin in tafi masallaci sai na zaro sandar awo na duba, don injin da ke kaiwa 8000 in mai ya yi ƙasa ba ya yafiya. Filtar iska kuma ina kula da ita kamar ido, saboda jikin injin alminiyom ne kuma bangon silindarsa wani haɗi ne na musamman, ba irin wanda ake kai wa masu yankan bulok su faɗaɗa a sa manyan fistan bane, in ƙura ta cinye shi sai dai neman wani injin.

Sai maganar fetur, wadda ita ma ba ƙarama bace a wurinmu. Matsin injin nan, wato yadda fistan ke matse iska da fetur kafin su ƙone, 11.5 ne, ya fi na Corolla ta gama gari, don haka yana son fetur mai kyau. Na taɓa zuba mata zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin titi na kwalba, a hanyar Figil da tanki ya kusa ƙarewa, ina fara hawa ɗan tudu na ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, motar ta yi nauyi don kwamfuta ta ja da baya ta kare injin. Ban ce duk zuwa-zuwa gurɓatacce bane, mutane da yawa da shi suke ciyar da iyali kuma da shi garin nan ke motsi, amma baka san wanda ka samu ba sai ya shiga tanki. Fetur sufa a gidan mai ya koma sefa 840 lita a Fabrairun 2024, da ciwo, sai dai tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 na kwalbar ma ya daina arhar da muka sani. A doguwar hanya in na tafi a hankali ina ganin wajen lita 8 zuwa 9 a kilomita 100, cikin gari da na'urar sanyi a kunne ya fi haka, in kuma ka ce kullum sai ka ji tsawa to ka shirya aljihu.

Akwai abubuwan da har yau basu min ba kuma ba gyara garesu ba. Ƙasa da juyi 3000 bata da wani ƙarfi, in ka ɗauki mutum huɗu da buhun masara ga sanyi a kunne sai ka ta wasa da giya, wanda ya saba da gazuwal zai raina ta a ranar farko. In ka canza daga giya 1 zuwa 2 baka kai allura can sama ba sai ta faɗo ƙasa da 6000 ƙarfin ya yanke sai ya sake tarawa. Cikinta a ƙasa yake, duk wani tudun rage gudu da ramukan damina sai na bi a karkace ina jin zuciyata na bugawa. Kayan gyara kuma, na jiki da ƙafafu ana samu don da yawa irin na sauran Corolla ne, amma abin da ya shafi injin kansa sai an aika Kam Yabasi a Duwala ko a tsallaka Najeriya, ka jira sati ko fiye, wani lokacin a aiko maka na 1ZZ, wani injin Toyota daban, a ce ai duk ɗaya ne alhali ba ɗaya bane. Kuma tsakani da Allah hanyoyinmu ba na wannan gudun bane, ga shanu ga yara ga 'yan moto da ke juyawa ba sigina, wata na iya wucewa ban kai 6000 ba sai sau ɗaya ko biyu, kuma ina roƙon duk saurayin da ya same ta kar ya gwada ta cikin gari, ran mutane ya fi ƙarar inji.

Mijin ƙanwata ya zo yana so in nemo masa irinta, na hana shi, nace ya sayi mai 1.6 VVT-i, don shi mutum ne da ke ba yara mota su kai wanki su yi bidans bai san me aka zuba ba, kuma zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce zuwa gona. Ya saya yana jin daɗinta, ita ma dai na sa an duba mata rariya tun ranar farko. Amma wanda ya san zai tsaya a kan motarsa da kansa, yana da makaniken da ya san baliz, to in ya samu mai lafiya ya ɗauka ba zai yi nadama ba. Ka je wurin mai sayarwa da sassafe kafin ya tada ta don ka ji ko tana kar-kar ɗin nan, ka murɗa makulli ka tabbata wutar inji ta kama sannan ta ɗauke bayan an tada, don wasu ƙwan suke cirewa, ka buɗe murfin mai ka haska ciki, sannan ka nace sai an fita bayan gari injin ya yi zafi an wuce 6000 kana ciki. In mai ita ya fara cewa ai ba mai a tanki ko hanya ba kyau, saka mata lita biyar daga aljihunka ku tafi, in ya ƙi ka bar masa kayarsa.

Watan jiya wani Alhaji daga Kuseri ya tsaya a shago ya zagaya ta sau biyu ya sa min kuɗi fiye da yadda na saya, nace Alhaji ku yi haƙuri ba ta sayarwa bace. Jibi in Allah ya kaimu zan tafi Marwa ɗaurin auren ɗan wana, na riga na kai ta wurin matashin nan jiya ya zaro rariyoyin ya ɗaga su a rana, ana hango haske ta cikinsu tas, ya mayar ya ɗaure, galan ɗin mai na ƙari kuma yana but tun daren jiya.